Zancen Ƙasa Ne, To Ina Zancen Talaka?

Ranar 28 ga Janairun 2024 aka karanta sanarwa iri ɗaya a gidajen talabijin na Yamai da Bamako da Wagadugu, cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da CEDEAO. Dokar ƙungiyar ta tanadi wa'adin shekara guda, shi ya sa sai ranar 29 ga Janairun 2025 fitar ta tabbata. Tun daga lokacin ake ta kai ruwa rana a rediyo da Facebook da teburin mai shayi, amma kusan duk muhawarar wuri ɗaya take komawa: ko dai kana tare da sojoji, ko kuwa kai ɗan koren Faransa ne. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Wanda aka rufe wa iyaka a 2023 ba a nemi shawararsa ba, wanda aka fitar daga ƙungiyar a 2024 shi ma ba a nemi tasa ba, kuma in ka duba da kyau mutum ɗaya ne. Shi ne manomin albasa na Galmi, shi ne makiyayin Dakoro, shi ne ɗan ci-ranin da ke tura kurar ruwa a Kano.

Sai an fara faɗin laifin ECOWAS kafin a faɗi na kowa, domin ita ta fara ɗebo ruwan dafa kanta. Kwana huɗu bayan dogaran fadar shugaban ƙasa sun tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka daskarar da kuɗin gwamnati, aka ba da wa'adin mako guda, in ba a mayar da Bazoum ba a shiga da ƙarfin soja. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga gare ta yake zuwa. Abin da ya fi ciwo, lokacin da aka sa wa Mali takunkumi a Janairun 2022 an tsame abinci da magani da man fetur da lantarki daga ciki. Da aka zo kan Nijar ba a tsame ko ɗaya ba.

Wa wannan hukunci ya kama? Janar Abdourahamane Tchiani, jagoran juyin mulkin, bai kwana cikin duhu ba, akwai janareto a fada. Mai walda ne ya zauna ba aiki, da tela, da mai niƙa, da matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo tana ciyar da marayu, da mai ciwon suga da maganinsa ya ɓace daga kanti. Mu da muke kusa da iyaka mun ga abin da idonmu. A Jibiya da Illela manyan motoci sun yi jerin gwano a gefen titi mako bayan mako. Direbobi da yaransu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mota, sun kafa murhu da duwatsu uku suna dafa garau-garau, kuɗin guzuri ya ƙare, mai kaya yana ta bugo waya daga Dawanau ko Maraɗi babu abin da za a faɗa masa. Masu kayan gwari kuwa sai dai haƙuri, suna ji suna gani buhunan albasa suka fara tsattsafo da ruwa suna wari. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya san za a yi juyin mulki, balle a ce da hannunsa a ciki.

Iyakar nan mai tsawon kilomita wajen 1,500 ta ratsa jihohi bakwai na Najeriya, daga Kebbi har Borno, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan teburi. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni gida ɗaya ne. Shi ya sa da aka fara zancen yaƙi, arewa ba ta ɓoye fushinta ba. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi yarda a tura soja. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka je Yamai, Khalifa Muhammadu Sanusi II ya je, malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka je. Waɗannan tafiye-tafiye sun taimaka ƙwarai wajen kashe wutar. Takunkumin kuwa sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka janye shi, bayan Janar Yakubu Gowon, wanda da shi aka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, ya fito ya roƙa. Kafin nan bakin alƙalami ya riga ya bushe, an yi kusan wata guda da sanar da fita.

Saboda haka ban ga laifin dubban mutanen da suka cika filin wasa na Seyni Kountché ba, ko waɗanda suka yi ta kwana a bakin sansanin sojan Faransa a Yamai har sojojin suka tattara nasu ya nasu a Disamban 2023. Ba hayarsu aka yi ba. Mutumin da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun wajen 1971 amma ƙauyensu ko turken lantarki babu, ba ya buƙatar wani ya koya masa fushi. Mutumin da ya ji yadda binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya bankaɗo biliyoyin sefa da aka karkatar a cinikin makamai, a daidai lokacin da ake kashe sojoji a Inates da Shinagodar, ba za ka burge shi da kalmar dimokuraɗiyya ba. Kuma yana kallo Alpha Condé na Gini da Alassane Ouattara na Kwaddibuwa suka yi wa'adi na uku a 2020, ba wanda ya yanke musu wuta. Da sojoji suka ce masa da Zabarmanci da Hausa "Labu sanni no, zancen ƙasa ne", har cikin zuciyarsa ya amsa. Shugaban da ke zama ya yi awa da awanni yana bayani da Hausa da Zabarmanci a talabijin ya taɓa wani wuri a zuciyar talaka da masu dogon Faransanci suka daɗe da mantawa da shi. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai son fahimtar Nijar ta yau dole ya haɗiye ta.

Amma fushi da shugabannin ECOWAS daban, abin da yarjejeniyar ƙungiyar ta ba talaka daban. A nan ne nake ganin an haɗa abu biyu an yi musu kuɗin goro.

Mafi girman abin da talaka ya samu daga ƙungiyar shi ne yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979: ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar yana da ikon shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, daga baya aka ƙara da ikon zama da kafa sana'a. A 1998 aka fito da takardar shaida ta makiyaya masu ƙetara iyaka da dabbobi. Kowa ya san ba a bin waɗannan dokoki yadda aka rubuta su. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato shinge nawa ne, kuma a kowanne sai ka miƙa wani abu? Najeriya da kanta ta sha take su. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, a 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, har dattawan Maraɗi da Damagaram suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El Buhari. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa sai Disamban 2020. Duk da haka, akwai bambanci tsakanin haƙƙin da ake tauye maka da alfarmar da ake yi maka. Idan jami'i ya tare ka kana da haƙƙi, shi ne mai laifi, kuma ya sani, shi ya sa yake karɓar ɗan abin da ya samu ya sake ka. Ranar da ya zama kai ne ba ka da takarda, farashin ya canja, kuma ba ka da bakin magana.

To yanzu a ina aka tsaya? Ƙasashen ukun, waɗanda suka kafa ƙawancen Sahel, AES, sun ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza. ECOWAS ita ma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga da kasuwanci, har sai an ba da wata sanarwa. A kan wannan "har sai" ɗin rayuwar miliyoyin mutane take rataye. Nijar ƙasa ce da damina ke ɗaukar wata uku zuwa huɗu, sauran shekara kuma samari su bazu neman abin rufin asiri. Suna Kano da Legas da Kwatano da Lome da Akara da Abijan, suna gadi, suna shayi, suna ga-ruwa, suna yankan farce, suna tallan kilishi da agogo. Kuɗin da suke aikowa shi ne hatsin da ake ci a watannin bazara idan rumbu ya yi ƙasa, shi ne kuɗin magani da na sadaki. Ɗan minista da ke karatu a Kanada ko Turkiyya bai taɓa dogara da yarjejeniyar 1979 ba. Babban alhaji mai tireloli hamsin yana da gida a Maraɗi yana da gida a Kano, yana da lambar wayar manya a kowane ɓangare, kuma rufe iyaka ma sau da yawa riba yake jawo masa, domin kaya na tsada, shi kaɗai ke da ƙarfin bi da su ta barauniyar hanya. Wanda ba shi da kowa sai takardar, shi aka bari yana jiran sanarwa.

A dubi abin da ya faru a Gaya, garin Nijar da ke bakin iyakar Benin. Bayan an janye takunkumi an buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na 2024, Benin ma ta buɗe nata ɓangaren, amma Yamai ta bar gadar Malanbil a rufe, tana zargin akwai sansanonin Faransa a Benin da ake shirya mata maƙarƙashiya, zargin da Benin ta musanta. Tashar jirgin ruwa ta Kwatano ita ce ƙofar Nijar mafi kusa zuwa teku. Sai aka koma sauke kaya a Lome, a ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, ta yankunan da 'yan bindiga ke tare hanya. Tafiyar kwanaki ta koma ta makonni, direbobi sun rasa rayukansu, kuma duk abin da aka ƙara kashewa a hanya mai sayen tiyar shinkafa a kasuwar Yamai ne ke biyansa. A ƙarƙashin gadar kuwa kwale-kwale ne ke aiki. Matafiyi ya sauka daga mota a wannan gaɓa, 'yan dako su ɗora buhuna a kai su gangara bakin ruwa, a loda mutane da kaya da babura har jirgin ya kusa shan ruwa, a tsallaka, a sake biyan wata motar a wancan gefen. Tsohuwa mai ɗaurin kayan miya ta biya sau uku a tafiyar da a da sau ɗaya take biya. A wannan lokacin kuma ɗanyen man Agadem yana bin bututu mai tsawon kilomita kusan 2,000 yana ratsa wannan ƙasa ta Benin har bakin teku a Seme. An yi ta rigima a kansa, amma an samo masa hanya, domin kuɗinsa na gwamnatoci ne da kamfanin China. Ba a samo wa tsohuwar tata hanyar ba.

Haka zancen hana fitar da kaya. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, har da wake, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. A watan Mayun 2025, ana dab da Babbar Salla, ta hana fitar da dabbobi. Niyyar a bayyane take, a sauƙaƙa wa jama'a farashi, kuma ba na shakkar ma'aikacin da ke Yamai ya ji daɗin sayen ragon layya da rahusa. Sai dai rahusar daga aljihun wani ta fito. Matar ƙauye da ta ɗaure rago tun bayan waccan Sallar, tana ba shi dusa da harawa, tana lissafin ranar da dillalai za su kai shi Maigatari ko Illela ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ita ta biya. Manomin da wake ne kuɗinsa, kasuwarsa kuma Dawanau ce tun kaka da kakanni, ba zai kai wakensa Bamako ba. Ana ɗaukar arzikin mutumin karkara ana rarrashin mutumin birni da shi, domin na birni ne ke iya cika titi. Gwamnatocin farar hula sun yi haka, ta soja ma ta zo ta ɗora.

Ba na hana wa gwamnatin abin da ta yi na alheri. Ta rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499 a 2024, ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, ta tsaya wa kamfanin Orano na Faransa a kan yuraniyom yadda ba a taɓa yi ba. Kuma ta yi haka ne bayan tallafin waje ya tsaya, har aka zaftare kasafin kuɗin 2023 da kashi 40 cikin ɗari. Amma su wa suka cike giɓin? Asusun ceton ƙasa da aka kafa, ban da gudummawar da mutane suka kai da hannunsu, har da dala biyu-biyu da ake cira a kiran waya da tikitin mota. Dala biyun attajiri da dala biyun ɗan kabu-kabu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ake cirar kuɗinsa kullum ya cancanci ya ji dalla-dalla inda suke tafiya, kuma ya cancanci ya yi tambaya ba tare da an ce masa maƙiyin ƙasa ba.

Akwai wata asara da ba a cika ambatonta ba, kuma ni ita ta fi tsaya mini a rai. Ita ce kotun ECOWAS. A 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Hadijatou Mani a kan sefa 240,000, ta zama wahayya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar, a gidan wani mutum a yankin Ƙonni. Shekara tara tana bauta, ana dukanta, ta haihu a gidan. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, tsohon ubangidan ya kai ƙara cewa matarsa ce, kotun ƙasarta ta yanke mata ɗaurin wata shida a kan ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da wasu lauyoyi suka kai maganar kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10, kuma an biya. Baiwa ce ta kai gwamnatin ƙasarta ƙara ta yi nasara. Wannan kotu ce ta ce a saki tsohon shugaban Nijar Tandja Mamadou a 2010 lokacin da sojoji ke tsare da shi, ita ce kuma ta ce a saki Bazoum a Disamban 2023. Manya suna da lauyoyi da abokai a ƙasashen waje da za su yi ta kururuwa a kansu. Yarinya irin Hadijatou, idan alƙalin garinsu ya juya mata baya yau, ƙofar da ta bi an rufe ta, kuma sai an gani a ƙasa kafin a ce kotun da AES za ta kafa za ta iya yanke hukunci a kan gwamnatocin da suka naɗa ta.

Wani zai ce Birtaniya ma ta fita daga Tarayyar Turai, duniya ba ta tashi ba. Haka ne, amma an kafa akwati a 2016, kashi 52 suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna, aka shafe fiye da shekara uku ana ciniki a kan kifi da kwastan da matsayin baƙi kafin a fita a Janairun 2020. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, da hannunsu suka zaɓa. A Nijar sanarwa aka karanta. Wataƙila da an kafa akwati a wancan lokacin masu son fita ne za su yi rinjaye, ni ma haka nake zato, ganin irin zafin da takunkumi ya bari. To me ya hana a tambaya? Maimakon haka, a watan Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tchiani na shekara biyar ba tare da zaɓe ba, aka rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya. Ɗan rajin kare haƙƙin jama'a Moussa Tchangari, wanda ya shafe shekaru yana sukar zaman sojojin ƙasashen waje a Nijar tun lokacin da faɗin haka ke kai mutum kurkuku, an kama shi a Disamban 2024. Kada kuma a manta shi kansa Janar ɗin tun 2011 yake shugabantar dogaran fadar shugaban ƙasa, a tsakiyar mulkin da yanzu ake zagi. Kuɗin sefa da aka fi kuka da shi a matsayin igiyar Faransa yana nan a aljihun kowa, domin ba a fita daga ƙungiyar ƙasashen sefa ta UEMOA ba. An bar abin da fita daga cikinsa zai girgiza baitulmali da albashin manya, an fita daga wanda ɗan ci-rani ke dogara da shi.

Ba ina kiran a koma ECOWAS gobe ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan hukunci na 'yan Nijar ne, ranar da aka ba su damar yanke shi. Mauritaniya ta fita a shekarar 2000, daga baya a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar a kan kasuwanci da zirga-zirga, ba tare da ta koma memba ba. Irin wannan ake buƙata, a rubuce, da sa hannu, kuma da wuri: ikon shiga da zama da sana'a, takardar makiyaya, da alƙawarin cewa ko wace irin rigima ta tashi tsakanin shugabanni ba za a sake taɓa abinci da magani da lantarki ba. Tsakanin Najeriya da Nijar ma ba sai an jira ECOWAS ba, akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu tun 1971, hedikwatarta tana Yamai, kuma ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je can a watan Afrilun 2025 an yi maganar farfaɗo da ita. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana kan shimfiɗawa. A teburin da za a yi wannan ciniki ina son a ga kujerar ƙungiyar direbobi, da ta dillalan dabbobi na Maigatari da Ƙonni, da ta manoman albasa, da wakilan 'yan Nijar mazauna Kano da Legas da Abijan. Gwamnonin jihohi bakwai na bakin iyaka da sarakunanmu na ɓangarorin biyu su ne ke da bakin da za su nemi a ajiye waɗannan kujeru, kamar yadda arewa ta tashi tsaye a watan Agustan 2023 ta ce ba a yi yaƙi da yawunta ba.